Yadda ake haɗa allon sa ido kan ingancin jinya da kare majinyata a asibiti

Ma'aikatan rekod, nas-nas masu riƙe da ɗakuna da likitocin da aka ɗora wa wannan aiki suna ta maimaita tambaya iri ɗaya: ta ina ake farawa, wace manhaja za a saya, kuma nawa abin zai ci? Allon sa ido, wanda wasu ke kira dashbod, shafi ne guda da ke nuna wa shugabannin asibiti da ma'aikata inda jinya ke tafiya daidai da inda majinyata ke cutuwa. Na tsara bayanin nan ne a kan babban asibiti irin na jiha, mai gado 100 zuwa 200, inda har yanzu biro da rajista ne ke riƙe da aiki. Wanda asibitinsa ya koma kwamfuta zai tsallake wasu wurare, amma jerin matakan bai canza ba. Za ku ga maganar manhaja sai a mataki na 7 ta zo, kuma da gangan na ajiye ta can.

1. Ku fara da wanda zai duba allon

Kafin a zaɓi ko lamba ɗaya, a amsa tambaya biyu: wa zai riƙa duba allon, kuma wace rana? A kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai: likita ɗaya mai faɗa a ji, shugabar ma'aikatan jinya, ungozoma daga ɗakin haihuwa, mai kula da hana yaɗuwar cuta, ma'aikacin famasi, da jami'in rekod. A tsayar da rana guda a kowane wata, misali Talatar mako na biyu, a rubuta ta cikin takardar da shugaban asibiti ya sa wa hannu.

Allo iri biyu za ku buƙata. Na shugabanni yana ɗauke da asibiti gaba ɗaya, wata-wata. Na ɗaki kuwa ma'auni uku ko huɗu kawai yake nunawa, na wannan ɗakin, a manne a bango kusa da teburin nas.

Hattara: kada a bar wa jami'in rekod aikin shi kaɗai. Zai iya tara lambobi, amma ba shi da ikon ce wa likitan tiyata ya sauya yadda yake aiki. In babu mai wannan iko a kwamitin, allon ado zai zama.

2. Ku zaɓi ma'aunai kaɗan

Takwas zuwa goma sha biyu sun isa a shekarar farko. Kowane ma'auni a yi masa tambaya uku: yana cutar da majinyata a nan asibitin? Za mu iya ƙirga shi da abin da ke hannunmu? In ya lalace, akwai abin da za mu iya yi a kai? Wanda ya faɗi ko ɗaya daga cikin ukun a ajiye shi gefe.

Ga irin jerin da ya dace da babban asibiti a arewacin Najeriya ko kudancin Nijar:

- mace-macen waɗanda aka ba gado, a raba na kafin awa 48 da na bayanta
- waɗanda suka sa hannu suka tafi ba da yardar likita ba
- cikar gadaje da matsakaicin kwanakin kwanciya
- mutuwar mata wajen haihuwa
- jariran da aka haifa ba rai, a ware waɗanda suka rasu lokacin naƙuda
- zubar jini bayan haihuwa
- mintunan da ke tsakanin yanke shawarar tiyatar haihuwa ta gaggawa da fito da jariri
- ɗinkin tiyata da ya yi ruwa
- cike takardar binciken tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya
- wanke hannu
- gyambon kwanciya da faɗuwar majinyata
- kwanakin da muhimman magunguna suka yanke

Ku lura an gauraya iri biyu. Akwai sakamako, kamar mutuwa da ruɓewar ɗinki, akwai kuma aikin da ke haifar da sakamakon, kamar wanke hannu da samuwar magani. Sakamako yana jinkirin motsawa, shi kuwa aiki a mako guda ana iya ganin ya sauya, shi ya sa yake ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa. A jerin magunguna kada a kwaso famasi duka. A ɗauki biyar ko shida waɗanda rashinsu ke kisa cikin sa'o'i: oxytocin, magnesium sulphate na jijjiga, allurar artesunate, ceftriaxone, iskar oksijin da jini a banki.

Hattara: duk abin da aka sa wa ido shi ma'aikata za su bi, su saki saura. Rahoton binciken asibitin Stafford na Ingila da ya fito a 2013 ya nuna yadda shugabanni suka duƙufa kan cika alƙaluman da aka ɗora musu da daidaita kasafi, alhali majinyata na kwance cikin ƙazanta ba mai kula da su. Don haka ku bar gurbi ɗaya na ƙorafin majinyata da masu jinya, da wani na yawan nas a aikin dare idan aka kwatanta da yawan majinyata.

3. Ku rubuta wa kowane ma'auni takardarsa

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi gudu. Kowane ma'auni a ba shi shafi ɗaya mai ɗauke da: sunansa, abin da ake ƙirgawa (lambar sama), cikin su wa ake ƙirgawa (lambar ƙasa), wanda ba ya cikin lissafi, rajistar da za a ɗauko shi, mai ɗaukowa, da ranar miƙawa. Ba a fara tara lamba sai kwamiti ya karanta shafin ya amince.

Ɗauki mace-mace. Gawar da aka kawo asibiti rai ya riga ya fita ba ta shiga, domin ba a ba ta gado ba. Wanda ya rasu kafin ya cika awa 48 a kwance yawanci ya iso ne a makare, don haka ana ware shi. Wanda ya rasu bayan awa 48 ya fi nuna irin jinyar da ya samu. Sai kuma babban ramin da ke wurarenmu: iyalai da yawa in suka ga jiki ya yi tsanani, ko kuɗi ya ƙare, sai su sa hannu su ɗauke mara lafiyarsu ya cika a gida. Ɗakin da ake yawan yin haka zai fito da ƙarancin mutuwa a allo, har a yaba masa. Shi ya sa dole lambar masu sa hannu su tafi ta zauna kafaɗa da kafaɗa da lambar mutuwa, a karanta su tare. Haka ma waɗanda aka tura wani asibiti suna halin rai kwakwai mutu kwakwai.

Ɗinkin tiyata: ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ƙirga ciwon da ya bayyana cikin kwana 30 bayan aiki, ko kwana 90 in an sa ƙarfe ko wani abu a jiki. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa kwana kaɗan take yi a sallame ta, ɗinkin kuma sau da yawa a gida yake yin ruwa, ta tafi kemis ko wajen wata nas ta unguwa a wanke. In ɗakin kwanciya kaɗai kuka ƙirga, za ku samu lamba mai daɗin gani wadda ba ta da gaskiya. A karɓi lambar waya biyu kafin sallama, a kira a mako na biyu da kuma rana ta 30, a tambayi abu huɗu: mugunya, buɗewar ɗinki, zazzaɓi, da ko an sake ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. A allo a nuna mata nawa aka samu a waya cikin waɗanda aka yi wa aikin, domin kashi 3 cikin 100 ba ya nufin komai in rabin matan ba a ji ɗuriyarsu ba.

Jariran da aka haifa ba rai: wanda fatarsa ta saɓule ya kwana biyu da rasuwa a ciki, wannan ya fi shafar awo. Wanda ya fito da fata lafiya lau kusan a lokacin naƙuda ya rasu. In an ji bugun zuciyarsa lokacin da uwar ta iso, to a hannunku ya rasu, kuma wannan ce lambar da ɗakin haihuwa ya kamata ya fi jin tsoro. A ƙara gurbi a rajista na rubuta ko an ji bugun zuciya a isowa.

Zubar jini: mililita 500 ko fiye bayan haihuwa. Matsalar ita ce kintace da ido yana rage adadin ƙwarai. Binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya yi amfani da leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa. Inda ungozomomi ke karanta ma'aunin an gano kusan kashi 93 cikin 100 na masu zubar jini, inda aka bi yadda aka saba kuwa kusan kashi 51 kawai. Ma'anar wannan ga mai haɗa allo ita ce: ranar da kuka fara aunawa da gaske, lambar za ta yi tsalle sama. A rubuta ranar a jikin zanen, kada wani shugaba ya ɗauka aiki ne ya lalace.

Tiyatar gaggawa: mizanin da aka fi ambata shi ne minti 30 ga wadda ranta ko na jaririnta ke cikin haɗari nan take. Asibitoci da yawa ba sa kaiwa, amma ba za ku san nisanku ba sai an rubuta lokacin yanke shawara da lokacin fitowar jariri, da agogon bango ɗaya ko agogunan da aka saita tare. A ƙara gurbin dalilin jinkiri: jini, kuɗin kayan aiki, jiran sa hannun miji, wuta, ko mai ba da maganin barci.

4. Ƙidayar tsakar dare

Rabin ma'aunan da ke sama ba sa lissafuwa sai da wannan. Kowane dare da ƙarfe 12, nas ɗin da ke aiki ta rubuta a takarda guda: majinyata nawa ke kwance, nawa aka ba gado yau, nawa aka sallama, nawa suka rasu, nawa suka sa hannu, nawa aka tura. Lissafin ya daidaita: na jiya, a haɗa da sababbi, a cire waɗanda suka fita, ya ba da na yau. Da safe jami'in rekod ya zaga ya karɓa.

A ce ɗakin maza yana da gado 30, watan kuma Afrilu ne mai kwana 30. Gado 30 sau kwana 30 ya ba da 900. In jimillar ƙidayar dare ta watan ta kama 765, cikar gadaje ita ce 765 a raba da 900, wato kashi 85 cikin 100. In mutum 153 ne suka fita a watan, har da waɗanda suka rasu, matsakaicin kwanciya shi ne 765 a raba da 153, kwana 5. In mutum uku sun samu gyambon kwanciya, sai a raba 3 da 765 a ninka da 1,000, ya ba da 3.9 a kowane kwanan jinya 1,000. Da wannan ne ake iya kwatanta ƙaramin ɗaki da babba, ko watan cunkoso da watan sauƙi.

Hattara: a ɗakin yara lokacin damina, in zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙamari, ana kwantar da yara biyu ko uku a gado ɗaya. Yara ake ƙirgawa, ba gadaje ba. In lissafi ya ba da kashi 140 a bar shi haka. Wasu na mayar da shi 100 wai don kada a ce sun yi kuskure, sai su ɓoye hujjar da za a nemi ƙarin ma'aikata da ita. Gyambon da majinyaci ya zo da shi daga gida kuma ba na asibiti ba ne, don haka a duba baya da ɗuwawu da dugadugai ranar ba da gado a rubuta.

5. Ku bi rajistoci ɗaya bayan ɗaya

Ku ɗauki takardun mataki na 3 ku shiga kowane ɗaki, ku buɗe rajistar ba da gado, ta haihuwa, ta tiyata, littafin miƙa aiki na nas-nas da katin kaya na famasi. Abin da ake nema: shin gurbin da ake buƙata yana nan, kuma ana cike shi? In babu, a ja layi da rula a ƙara gurbi a rajistar da ake da ita. Sabon littafi shi ne zaɓi na ƙarshe, domin ungozomar da ke karɓar haihuwa ita kaɗai da dare ba za ta cike littafi na biyar ba, kuma ba laifinta ba ne.

Abubuwa biyu ba sa cikin kowace rajista, sai an je an gani. Wanke hannu ana auna shi da tsarin lokuta biyar na Hukumar Lafiya ta Duniya: kafin taɓa majinyaci, kafin aiki mai buƙatar tsabta kamar sa allura, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa abin da ke kewaye da shi. Mai lura ya tsaya kamar minti 20, ya ƙirga sau nawa ya kamata a wanke da sau nawa aka wanke. A riƙa sauya mai lura da lokacin zuwansa, domin kowa na wanke hannu in ya ga matiron tsaye da takarda. A rubuta kuma ko akwai ruwa da sabulu ko man goge hannu a wurin. Takardar binciken tiyata, wadda hukumar ta fitar a 2008 da tambayoyi 19, ana iya cike ta bayan an gama aiki a jefa a fayil, saboda haka a riƙa shiga ɗakin tiyata jefi-jefi a ji ko da baki ake karanta ta a matakanta uku: kafin maganin barci, kafin yanka, da kafin a fitar da majinyaci.

6. Rahoton kuskure

Maganin da aka ba wanda ba nasa ba, jinin da aka kusa ƙara wa wani, majinyacin da ya faɗo daga gado: ba mai rubuta waɗannan a rajista. A buga fom mai rabin shafi: me ya faru, a ina, yaushe, ya cutar ko an tare shi kafin ya cutar, me kake ganin ya jawo. Sunan mai rahoto ba dole ba ne. A sa akwati mai kwaɗo a inda ba a gaban ofishin shugaba ba, mutum biyu su riƙa buɗewa duk mako.

Hattara, kuma wannan ya fi duk sauran: ranar da aka ba wani takardar tuhuma saboda fom ɗin da ya cike, ranar akwatin ya mutu. Allon zai nuna sifiri, sifirin kuma na tsoro ne. A shekarar farko ƙaruwar rahotanni alama ce mai kyau, ɗakin da bai kawo ko ɗaya ba cikin wata uku shi za a je a duba. Ganganci da zuwa aiki a buge suna da hanyar ladabtarwarsu daban, kada a haɗa ta da wannan akwati.

Wasu abubuwan ba sa jiran ƙarshen wata. Mutuwar mace mai ciki ko mai jego ana sanar da ita cikin awa 24 a tsarin MPDSR, wato tsarin sa ido da bitar mutuwar masu haihuwa da jarirai, kwamitinsa ya zauna a kanta. Illar magani tana da fom ɗinta mai ruwan ɗorawa na NAFDAC. Allon yana nuna adadinsu ne kawai da ko an yi bitarsu, bai maye gurbin waɗannan hanyoyi ba.

7. Manhaja da kuɗi

Wata shida na farko Excel ko Google Sheets ya wadatar. In ana son a daina yawo da takardu, KoboToolbox yana da tsarin kyauta, kuma manhajarsa ta wayar Android tana karɓar bayanai ko babu intanet, ta tura in an samu. Don zane, Power BI Desktop kyauta ne a kwamfuta mai Windows, amma raba allon ga wasu ta intanet yana buƙatar lasisin da ya koma dala 14 ga kowane mutum a wata tun Afrilun 2025. Looker Studio na Google kyauta ne, sai dai ba ya aiki in babu intanet. Metabase kyauta ne ga mai sabar kansa, wato kwamfutar da za a ɗora manhajar a kai, da wanda zai kula da ita.

DHIS2, manhajar tara bayanan lafiya wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa, ita ce Najeriya da Nijar ke tura rahoton wata a kanta. Tana da nata allon, kuma haihuwa da mace-mace da ba da gado suna ciki. Lallai lambobinku su zo ɗaya da abin da kuka tura can. Amma faɗuwa daga gado, gyambon kwanciya da wanke hannu ba za ku same su a fom ɗin wata ba, dole ku riƙe su da kanku.

Kuɗin gaske ba a manhaja yake ba. Ɗaki goma, takardar ƙidaya ɗaya kullum, shafi 300 ke nan a wata, bai kai rim ɗaya ba. Sai katin waya na kiran waɗanda aka yi wa tiyata, data, tawadar firinta, kwamfuta ɗaya mai batir mai kyau da hanyar cajinta in an ɗauke wuta, allon katako ko farin allo a kowane ɗaki, da ɗan alawus na jami'in rekod in aikin ƙari ne a kan nasa. A sa waɗannan a kasafin asibiti tun farko. Abin da aka ɗora kan kuɗin wata ƙungiya yakan tsaya ranar da shirinta ya ƙare.

Hattara da ɗan kwangilar da zai kawo babbar talabijin da allo mai walƙiya kafin ku gama mataki na 3 da na 4. Ku tambaye shi daga ina lambobin za su fito, kuma wa zai iya ƙara ma'auni in ya tafi.

8. Tsara ma'ajiyar lambobi

Shafi ɗaya na zuba bayanai, kowane layi ɗauke da wata, ɗaki, ma'auni, lambar sama da lambar ƙasa. Kada a rubuta kaso da hannu, a bar kwamfuta ta lissafa. Sunayen ɗakuna a zaɓe su daga jeri, don kada yau a rubuta "Ɗakin Mata" gobe "D/Mata" kwamfuta ta ɗauke su wuri biyu. Kada a haɗe gurabe don ado. Inda ba a kawo rahoto ba a bar gurbin fanko, sifiri na nufin an ƙirga ba a samu ba, kuma bambancin nan yana da girma. Duk Juma'a a kwafi fayil ɗin zuwa wuri na biyu.

Suna, lambar kati da lambar wayar majinyaci ba sa hawa allo. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Jerin waɗanda za a kira a waya ya zauna a fayil daban mai kalmar sirri. Ɗaukar hoton shafin rajista a tura zauren WhatsApp, wanda ya zama ruwan dare, a hana shi tun ranar farko.

9. Zana allon

Shafi ɗaya, wanda za a iya bugawa a takarda a karanta ba tare da kwamfuta ba. Kowane ma'auni ya samu ƙaramin zanen layi: watanni a kwance, adadi a tsaye, aƙalla wata 12 a jere in sun samu. A ƙarƙashinsa a rubuta lambar sama da ta ƙasa na wannan watan, misali 3 cikin 41, da sunan mai kula da ma'aunin. A saman shafi a sa ranar da aka sabunta da ɗakuna nawa suka kawo rahoto.

Ku guji teburin da ke kwatanta wannan wata da wanda ya wuce kawai, ja in ya hau, kore in ya sauka. Lambobi suna hawa da sauka da kansu ko ba abin da ya canza, kwamiti kuma zai ƙare yana murna da fushi a kan iska. Ga abin da ya fi: in kun tara ɗigo 10 zuwa 12, ku jera su daga ƙarami zuwa babba ku ɗauki na tsakiya, ku ja layi a kansa ya ratsa zanen. Daga nan alamu biyu ake nema. Ɗigo shida ko fiye a jere duk a sama ko duk a ƙasan layin, ba a lissafa wanda ya faɗa kan layin, na nufin wani abu ya sauya da gaske. Haka ma ɗigo biyar ko fiye a jere kowane ya fi wanda ya gabace shi hawa, ko kowane ya fi sauka. Ɗigo ɗaya da ya yi fintinkau nesa da 'yan'uwansa shi ma a bincike shi, a fara da duba ko kuskuren rubutu ne. Abin da ba wannan ba, a bar shi. In wata 12 ya yi muku nisa, ma'aunai irin wanke hannu da jinkirin tiyata ana iya zana su mako-mako.

Abin da ba ya yawan faruwa kada a mayar da shi kaso na wata. Asibitin da ke karɓar haihuwa 250 a wata, mace ɗaya in ta rasu lissafi zai ba da 400 cikin 100,000, biyu kuma 800. Wanda ya ga zanen zai ce abu ya ninka. A nuna adadin kai tsaye, da kwanakin da aka yi tun rasuwar ƙarshe, a bar lissafin kaso zuwa ƙarshen shekara.

Yanayi ma yana da hannu. Ɗakin yara a Satumba a kwatanta shi da Satumbar bara, ba da Fabrairu ba. In za a sa launi, a haɗa da kalma ko alama, domin firintar yawancin ofisoshi baƙi da fari take bugawa, kuma akwai masu wahalar bambance ja da kore.

Kada a jera sunayen likitoci ko nas-nas daga gwani zuwa na baya. Wanda ake tura wa masu tsananin ciwo shi zai fito a ƙasa, kuma darasin da kowa zai koya shi ne ya guji irin waɗannan majinyata.

10. Ku gwada gaskiyar lambobin

Duk wata uku, mutum biyu da ba su suka tara ba su zaɓi ma'auni biyu da ɗaki biyu, su koma rajista su sake ƙirgawa. A raba abin da suka samu da abin da aka kawo. In amsar ta faɗa tsakanin 0.9 da 1.1 an yi daidai, in ta fita a zauna da mai tarawa a gano inda aka rabu, yawanci fahimtar ma'anar ce ta bambanta. A gwada kuma da wata majiya: mace-macen ɗakuna da takardun shaidar mutuwa, tiyatar haihuwa a rajistar haihuwa da ta ɗakin tiyata, kwanakin yankewar oxytocin da abin da ungozomomi suka ce sun sa an sayo daga waje.

Lambar da ta yi kyau fiye da kima, kamar kashi 100 wata shida a jere, ita ce ta farko da za a bincika.

11. Zaman wata

Awa ɗaya. A raba allon kwana biyu kafin zama. Minti goma na farko a bi ayyukan da aka ɗora a zaman baya, an yi ko ba a yi ba. Sannan a ɗauki ma'auni biyu, ko uku in ya matsa, waɗanda suka nuna alama ta gaske, a kira mai riƙe da ɗakin ta faɗi abin da take gani, domin ita ta san cewa injin tafasa kayan tiyata ya lalace tun makon farko. Kowace matsala ta fita da aiki ɗaya, sunan mutum ɗaya da rana ɗaya. "A ƙara kula" ba aiki ba ne. "Famasi zai ajiye kayan tiyatar gaggawa saiti biyar a ɗakin haihuwa, a biya daga baya, daga ranar 1 ga wata" aiki ne, kuma za a sa alama a zanen a wannan ranar don a ga ko mintunan sun ragu.

Cikin mako guda kowane ɗaki ya samu nasa shafin a bango, a yi bayaninsa a lokacin miƙa aiki na safe da na dare. Masu aikin dare su ne ke cike takardar ƙidaya, in ba su taɓa ganin abin da ta haifar ba za su fara cike ta da ka.

12. Bayan wata shida

A sake duba jerin. Ma'aunin da ba a taɓa yanke wata shawara a kansa ba a cire shi. Wanda ya daidaita a inda ake so a mayar da shi na duk wata uku, a sa sabo a gurbinsa, misali ciwon mafitsara daga robar fitsari, wanda ke buƙatar a ƙara ƙirga masu roba a takardar tsakar dare. In an sauya ma'anar wani ma'auni, a yanke layin zanen a wannan watan a fara sabon layin tsakiya. A koya wa mutum na biyu duk aikin fayil ɗin, kalmar sirri kuma ta kasance a hannun mutum biyu, saboda canjin wurin aiki a asibitocin gwamnati ba ya sallama. Sai a wannan lokaci, in ɗakuna na kawo rahoto a kan kari kuma sake ƙirgawa na fitowa daidai, za a zauna a duba ko ya dace a koma Power BI ko Metabase, a haɗa allon kai tsaye da manhajar rekod ta asibiti in akwai ta.